Sharhi: A Nemi Kwangila Kafin A Yi Odar Injin Wanki

Ya kamata duk ɗan kasuwar da ke shirin shigo da manyan injunan wanki ya dubi abin da ya sami kamfanonin wanki na Ingila da Amurka.

Kamfanonin sun bunƙasa a ƙarshen ƙarni na 19 da injunan tururi, keken doki na bin gidaje yana kwaso tufafi. Sai a 1908 kamfanin Hurley na Chicago ya fito da injin Thor mai aiki da lantarki, a 1937 kuma Bendix ya kawo wanda ke wanki da ɗauraya da matsewa da kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injunan suka shiga gidaje, magidanta suka daina aika wanki waje, kamfanoni da dama suka rufe. Akasarin waɗanda suka tsira masu kwangilar asibitoci da otal-otal ne, inda zannuwan gado ba sa yankewa.

A Nijeriya ma ba a gidaje ribar take ba. Mai wanki da guga na unguwa ya fi araha, yana kuma ba da bashi. Shadda kuwa wajen masu bugu ake kai ta. Babban inji yana shan ruwa da man janareta ko da rabinsa aka cika, banki kuma ba ya jira. Kafin a biya kuɗin odar, sai an ga sa hannun asibiti ko otal a takarda, an kuma san inda za a sami makanike da kayan gyara.