Renon Tsiro a Kwalba: A Fara da Tafarnuwar Wurno

Duk wanda ya ga hotunan gonakin buluberi na Amurka da Peru, inda ake samar da dubban tsirrai iri ɗaya daga ɗan toho guda a ɗakin gwaje-gwaje, dole abin ya burge shi. Matsalar ita ce, wasu 'yan bokonmu da zarar sun ji wannan fasaha sai hankalinsu ya tafi kan 'ya'yan itacen Turawa, su manta da abin da ke ƙofar gidansu. Buluberi na buƙatar ƙasa mai tsami ƙwarai, ma'aunin pH tsakanin 4.5 da 5.5, kuma yawancin nau'o'insa sai sun sha sanyi mai tsawo kafin su yi fure. A Rabah da Goronyo zafin Afrilu kan haura digiri 40. Kai shi can asarar kuɗi ce.

Amfanin gonar da ke neman wannan fasaha a gabashin Sakkwato ita ce tafarnuwa. Ba a shuka ta da iri kamar gero ko albasa. Sala manomi ke ɓallewa daga girbin bara ya binne. Saboda haka duk cutar bairos da ta kama uwa tana bin 'ya'yanta, darɓa kuma na ɗaukar ta daga gona zuwa gona. Shekara bayan shekara ganye na rawaya, kai na ƙanƙancewa, manomin Wurno na zargin taki ko ruwa, alhali cutar na cikin salar da ya shuka.

An daɗe da sanin maganin. A 1952 Georges Morel da Claude Martin a Faransa suka nuna cewa ƙarshen tohon tsiro, wanda bai kai milimita ɗaya ba, galibi bairos bai isa gare shi ba. Idan aka yanke shi aka rene shi cikin kwalba a kan abincin sinadarai, irin wanda Murashige da Skoog suka tsara a 1962, sai ya ba da tsiro mai lafiya. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta daɗe tana yi wa rogo da doya haka.

Masu cewa aikin na da tsada sun yi gaskiya. Yana buƙatar lantarki mai ɗorewa, da rumfar raga don sabar wa tsiron da iska, da sabunta iri lokaci-lokaci, domin darɓa kan dawo da cutar. Sai dai an riga an kashe dukiya mai yawa wajen gina madatsar Goronyo a kan kogin Rima, kuma zuba wannan ruwa a kan iri maras lafiya ya fi tsada. Ga kuma tafarnuwar Sin, fara mai manyan sala, tana gasa da tamu a kasuwa.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima suna kusa da waɗannan fadamu. Hakkinsu ne su kafa ƙaramin ɗakin da zai tsabtace nau'o'in tafarnuwar gida, ya miƙa wa zaɓaɓɓun manoma su yawaita ta kafin shukar rani.