Na'ura ta shiga gaba, manomi ya biyo baya

Tun ranar 6 ga watan Fabrairu 2015, da ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa, kwarin Kumadugu bai koma yadda yake a da ba. Kowa ya san wannan kwari shi ne rumbun jahar, inda ake noman shinkafa da albasa, da tattasai wanda ake kira jan zinariya. To, amma miyagu sun binne nakiyoyi bisa hanyoyi. Nakiya kuwa ba ta bambanta soja da manomi, ba ta kuma sanin an gama faɗa.

Tonon nakiya aiki ne na sai da rai, ga shi kuma ƙasar tana da wuyar ratsawa: rairayi a tudu, taɓo a fadama, gangare a bakin kogi. Inda mota ta kafe, dole mutum ya sauka ya taka da ƙafarsa.

Saboda irin wannan wuri ne masana suka ƙera mutum-mutumi mai sauya siffa. A sarari yana tafiya bisa sarƙa kamar katafila. In ya tarar da tudu ko matakala sai ya miƙe gaɓoɓinsa ya haye. A gasar da aka yi a Amurka cikin watan Yuni 2015, na'urar CHIMP ta jami'ar Carnegie Mellon, mai nauyin wajen kilo 200, ta faɗi kuma ta tashi da kanta, ta zo ta uku. Wannan ta gwaji ce. Amma PackBot, mai sarƙa da hannuwa biyu na hawa, ya daɗe da yin aikin kwance bama-bamai a Afganistan da Iraƙi.

Sai dai na'ura ba ta raba kanta da matsala. A 2011, wata mai suna Quince ta maƙale cikin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, don wayarta ta tsinke. Ƙurar hunturu da zafin bazarar Difa ba za su raga wa irinta ba. Zanen aro ba ya rufe katara: kayan da babu mai gyaransu a gida, kwanansu kaɗan ne.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Otawa mai hana nakiyoyi tun 1999, tana kuma da hukumar CNCCAI mai kula da wannan aiki. Ya kamata mahukunta, in za su nemi irin waɗannan na'urori, su haɗa da koyar da samarin jahar gyaransu, tare da jami'ar Difa da aka kafa a 2014.

Kafin nan, wajibi ne duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya faɗakar da maƙwabtansa: wanda ya ga baƙon ƙarfe ko waya a hanya ko a gona, kada ya taɓa. Ya koma ta sawun da ya zo, ya shaida wa mai gari da jami'an tsaro. Ƙarfe in ya fashe ana sayo wani. Ƙafar manomi ba ta da kasuwa.