Sai Turanci Ya Sa Hannu?

Mun gaji da masu raina rubutun mata. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne, inda ta tona asirin magidancin da ya yi watsi da iyalinsa saboda amarya. Wasu manazarta suka yi masa kuɗin goro da "adabin kasuwar Kano", suka kau da kai. To, wa ya raya littafin? Matan aure ne da 'yan mata, masu ba juna aro, wannan ta gama ta aika wa waccan ta hannun yaro. A 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya. Ashe sai an kai 'yar Kano Indiya kafin a yarda ɗalibanmu su nazarce ta da Hausa?