Kafin a yafe wa mai laifi, a auna haɗarinsa

A watan Fabrairun 2021, Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, ya miƙa makamansa a Gusau, ya rantse da Alƙur'ani cewa ya tuba. Kafin wata uku ya koma daji, inda aka kashe shi a faɗa da wata daba. Mutanen Kaya, Bakura da Talata Mafara su ne ke zama da duk wanda aka yi wa afuwa ko aka sako daga gidan yari. Don haka suna da haƙƙin sanin ma'aunin da hukuma ke gane wanda zai sake ɗaukar makami.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun bambanta abubuwa biyu da mukan haɗa. Akwai taɓin hankali, wanda magani kan lafar da shi, kuma akasarin masu fama da shi ba sa cutar da kowa. Akwai kuma ƙeƙashewar zuciya, wadda masana ke kira saikofati. Mai ita yana cikin hayyacinsa, ga zaƙin baki, ga iya ƙarya, amma babu tausayi, babu nadama. Irinsa ne ya fi iya kwaikwayon tuba.

Masanin halayyar ɗan Adam Robert Hare na ƙasar Kanada ya tsara ma'auni mai suna PCL-R, wanda ke duba halaye 20 ta hanyar hira da nazarin tarihin mai laifi, ya ba da maki har 40. Bincike ya nuna cewa masu maki mai yawa sun fi komawa ga ta'asa bayan saki, ko da suna ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Ma'aunin ba duba ba ne, yakan yi kuskure, kuma a kan fursunonin Arewacin Amurka aka gina shi. Sannan ba kowane ɗan bindiga ne ƙeƙasasshe ba. Wani ramuwar gayya ce ta kai shi daji, wani ƙwaya, wani tilas. Wannan ma dalili ne na tantancewa, domin ta haka ake raba mai gyaruwa da mai haɗari.

Muna kira ga gwamnatin Zamfara da Hukumar Gidajen Gyaran Hali su haɗa kai da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Sakkwato, a daidaita irin wannan gwaji da yanayinmu. Duk wanda ya zubar da jini, likita ya duba shi kafin saki, a kuma ci gaba da bibiyarsa bayan ya koma gari. Idan hasashe ya kuskure, manomin Kaya ne ke biya da ransa.