Masu cewa ɓarayi ake karewa, ku zo mu yi lissafi

Saƙon yau da ɗan tsawo, don Allah a daure a kai ƙarshe. Wadda idonta ba ya son ƙananan rubutu, ta miƙa wa 'yarta ta karanta mata.

Tun ranar da na ce mu gayyato ƙungiyoyin nan masu fafutukar gyara harkar shari'a da gidajen yari su yi mana bita, wayata ba ta huta ba. Wata ta ce, Hajiya kin koma lauyar ɓarayi ke nan? Wata ta ce ai kuɗin Turawa ne, so suke a saki 'yan ta'adda. Wani ɗan'uwa namiji ma cewa ya yi ina ruwan mata da gidan yari, mu tsaya a kan rabon atamfa. To duk na ji, ga amsata.

Da farko, wallahi ba na tare da mai ƙwacen waya. Duk wanda ya soka wa ɗan mutane wuƙa saboda waya, ko ya ɗauke yaro don kuɗin fansa, a gurfanar da shi, a kawo shaidu, a yanke masa abin da ya dace da shi. Mu ne muke zaman makoki idan an kashe, ba wanda zai koya mana zafin abin. Amma ina tambayarku, su wane ne a cikin gidajen yarin nan?

Mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya sun haura 70,000. A ƙididdigar hukumar da kanta, kusan biyu cikin kowane uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a kawai suke. Ki sake karantawa 'yar'uwa. Alƙali bai ce sun yi laifi ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar. Mu ma a Islamiyya abin da aka koya mana ke nan, mai tuhuma shi ke kawo hujja. Kuma kowaccenmu ta san Annabi Yusuf, alaihis salam, ya yi shekaru a kurkuku ba da laifin komai ba. To yaya aka yi muka koma duk wanda muka ga an sa masa ankwa sai mu ce ai da ma?

Bari in ba ku labarin maƙwabciyata. Mijinta ya rasu, da awara take riƙe marayu biyar. Aka yi faɗan daba a bayan layinmu, washegari aka zo kame, aka haɗa da babban ɗanta yana hanyar zuwa garejin da yake koyon gyaran babur. Aka rubuta masa fashi, aka kai shi kotun majistare, alhali ita ba ta da hurumin sauraron fashi. Sai aka ce a tsare shi har shawara ta fito daga ma'aikatar shari'a. Daga nan fa aka shiga. Yau fayil bai dawo ba, gobe babu motar da za ta kawo su kotu, jibi mai gabatar da ƙara an yi masa canjin wurin aiki. Baiwar Allah nan ta sayar da akuyarta, ta sayar da keken ɗinki, kullum tana hanya da kwanon tuwo. Wata 14 cur. Wata yarinya lauya daga irin ƙungiyoyin da ake zagi ce ta bi takardun, ko sisi ba ta karɓa ba, aka duba aka ga babu shaida ko ɗaya, aka sallame shi. Ya fito da ƙazuwa da tari, maigidansa ya riga ya ɗauki wani yaron. Wa zai biya shi wata 14? Wa zai mayar wa uwar akuyarta? Ita kuma lauyar, ɓarawo ta kare?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne dokokin suna nan, a rubuce. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a kusa, in babu, kwana biyu. A 2015 aka sa hannu a dokar gudanar da shari'ar laifuka, wadda ake kira ACJA, jihohi ma suka yi irin tasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Ku ji abin da ke cikin ta tarayya. Haramun ne a kama wani a madadin wani, wato ba a kama uwa don an rasa ɗanta, ba a kama mata don miji ya gudu. Ba a kama mutum saboda bashi ko saɓa alƙawarin ciniki, wannan ba aikin ɗan sanda ba ne. Majistare zai riƙa shiga caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata ya duba su wa ke tsare. Sannan ga wadda ta shafe mu kai tsaye: sashe na 167 ya ce ba za a hana mutum tsayawa wa wani beli don kawai mace ce ba. Mu nawa aka taɓa ce wa, Hajiya je ki zo da namiji? Mu nawa muka san muna da haƙƙin cewa a'a? Jahiltar wannan ita ta sa ake tatsar mu, alhali a bangon ofishin an rubuta beli kyauta ne.

Sai maganar hukunci. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda tara ko diyya ce kaɗai ta riƙe su. Naira miliyan 585 aka tara daga gudummawar kamfanoni da masu hali. Ku raba ku gani, kowane mutum bai kai naira 150,000 ba. Wato da suna da kuɗi, da a gida za su kwana tun ranar da aka yanke hukunci. Ɗan mai hali ya yi laifi iri ɗaya, babansa ya zaro kuɗi, an wuce wurin. Ɗan mai awara kuma sai Kurmawa ko Goron Dutse. Kurmawa fa tun zamanin Turawa aka gina shi, a 1910, lokacin Kano ba ta kai ko kusa da haka ba.

Kuma me muke tsammani idan aka ɗauki yaron da ya saci kaza aka kulle shi ɗaki ɗaya da riƙaƙƙen ɗan fashi? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya shiga da satar kaza, ya fito da lambobin waya da sabuwar sana'a, kuma unguwarmu zai dawo. Masu cewa a kulle kowa don a samu tsaro, su ne ke ƙara mana 'yan daba ba su sani ba. Shi ya sa dokar 2019, wadda ta mayar da sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gyaran hali, ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba: aikin yi wa al'umma hidima, sa ido a kan mai laifi yana gida, da sulhu tsakaninsa da wanda ya cuta. Ya share asibiti, ya yashe kwata, ya biya mai kaza kazarsa, mutanen unguwa suna gani. Ni a ganina wannan ya fi kunya, ya fi gyara, kuma gwamnati ba ta ciyar da shi ba.

Yanzu batun kuɗin Turawa. E, wasu ƙungiyoyin suna samun tallafi daga waje, ba a ɓoye ba. Idan sun zo mu tambaye su wa ke ba su, me suke so, duk abin da ya saɓa wa addininmu da tarbiyyarmu mu ce ba mu yarda ba. Amma dokokin da na lissafa majalisunmu ne suka yi su, ba Ingila ba. PRAWA, 'yar Najeriya ce ta kafa ta, Dakta Uju Agomoh, tun 1994. FIDA ƙungiyar lauyoyi mata ce, 'ya'yanmu ne a cikinta. Hukumar ba da lauya kyauta ga marasa ƙarfi, Legal Aid Council, ta gwamnatin tarayya ce tun 1976. In kuwa kuɗin waje ne ba ma so, to ina namu? Nawa muke kashewa a ankon biki ɗaya?

Kada kuma wani ɗan majalisa ya ce mana wannan maganar Abuja ce. Mafi yawan waɗanda ke tsare laifin dokar jiha ake tuhumarsu da shi, ma'aikatar shari'a ta jiha ce ke riƙe da fayil ɗinsu. Tun gyaran Kundin Tsarin Mulki na 2023 ma, jiha tana da ikon kafa nata gidan gyaran halin. Mu ne muke shan rana a layin zaɓe, mu ne za mu tambaya.

Ga abin da nake roƙo:

1. Kowace shugabar mazaɓa ta bincika a hankali, cikin sirri, gidajen da ke da ɗa ko miji ko 'ya a tsare ba hukunci, da tsawon lokacin. A kawo min hannu da hannu, kada a sa sunan kowa a gurup.

2. Za mu miƙa wa lauyoyin kyauta su duba, su ware wanda ya cancanci a kai sunansa gaban Babban Jojin jiha lokacin da yake zagayen gidajen yari.

3. Duk ɗan majalisar jiha da ya zo neman mu, ko na wace jam'iyya ne, a tambaye shi nawa aka ware wa lauyoyin gwamnati da motocin kai fursunoni kotu, kuma hukuncin hidimar al'umma ya fara aiki a kotunan mazaɓarsa ko kuwa.

4. A taronmu na gaba za a ajiye asusu don biyan ƙananan tara. Ko naira 500 ce, a kawo.

Wadda take ganin abin bai shafe ta ba, ta tuna maƙwabciyata ma haka take gani har safiyar da aka zo kame. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya fitar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, Ya ba alƙalanmu ikon yin gaskiya. A tura wa sauran mata.