Filin Mata: Mai Hoto Da Kwanakin Rashin Ciniki

A makon nan zancenmu a kan sana'ar ɗaukar hoto ya ke, gama yanzu 'yan mata da dama sun shige ta, ta kuwa dace da mu ƙwarai. A gidan da a ke kulle, namiji mai hoto iyakarsa zaure. Mace kuwa sai ta yi sallama ta wuce har ƙuryar ɗaki, ta ɗauki amarya ran kamu, ta ɗauki mai jego ran suna, ba mai ce mata kanzil.

To, amma sana'ar nan tana da kwanakinta na yunwa. Da kaka, in amfanin gona ya zo gida, aure ya kan yi yawa, hakanan gab da azumi da ranakun Salla. Da damina kuwa kuɗin maigida yana gona, wajen taki da 'yan ƙwadago, cikin azumi kuma ba safai a ke biki ba. Sai ki ga kyamara ta yi mako uku a jaka. Ku lura kuma, shekarar Hijira ta kan gaza ta Bature da kamar kwana 11, saboda haka kwanakin nan ba su tsayawa wuri guda. A 2025 an kama azumi farkon watan Maris, sabuwar shekara ta 1447 kuma ta shigo ƙarshen Yuni, ana tsakar noma. Wadda ba ta duba kalandar nan biyu, rashin ciniki sai ya zo mata ba shiri.

Galibi in kasuwa ta yi sanyi abu biyu a ke yi, ni kuwa ban yarda da ko ɗaya ba. Na fari karya kuɗi. Wadda kika yi wa rabin kuɗi da damina, ran bikin 'yarta da kaka za ta tuna miki, ta kuma riga ta gaya wa maƙwabta. In kina so ki kyautata, ki bar kuɗin yadda ya ke, ki ƙara mata hoto guda a firam.

Na biyu ya fi muni, watau zuba hotunan matan mutane a WhatsApp da Instagram don neman kasuwa. Uwargidan da ta tuɓe mayafi a gabanki, ta yi hakanan ne domin ke mace ce 'yar'uwarta, ba domin samarin gari su gani ba. Hoton da ya fita waya kuwa ba ya komowa. Ya kan kai ga rigima tsakanin mata da miji, ke kuma a rufe miki ƙofar gidan, da ta dukan danginsu. Shiga gidan nan ita ce jarinki, ta fi kyamarar tsada. In za ki nuna aikinki, ki nuna hannu da lalle, da jeren ɗaki, da kayan lefe. Fuska kuwa sai mai ita ta yarda, ta kuma shawarci mijinta.

Me za a yi ke nan? An yi wani mai hoto a Bamako ta ƙasar Mali, ana ce da shi Seydou Keita, ya buɗe wurin aikinsa a 1948 a tsakar gidansu. Labulen da ya fara ratayawa bayan masu zama, abin shimfiɗar gadonsa ne. Ya ajiye agogo, da rediyo, da alƙalami, da babur, wanda ba shi da su sai ya ara a ɗauke shi. Ya kuma adana fim ɗin hotunansa shekara da shekaru, har daga baya aka riƙa nuna su a Faransa da Amurka kafin rasuwarsa a 2001. Dubi dai, da ɗan abin da ke hannunsa ya jawo mutane, kuma bai yar da aikin jiya ba.

Ke ma ki sami littafi. Kowane suna kika je, ki rubuta sunan jariri da ranar da aka haife shi da unguwar. In damina ta zo, sai ki buɗe littafin nan ki ga wa ya fara zama, wa ya kusa shekara, ki wanke hoto guda na ran sunan ki kai wa uwar da hannunki. Yau kowa na da hotuna ɗari a waya, amma waya ta kan faɗa ruwa, ɓarawo kuma ya kan fizge ta. Wadda ta ga ɗanta a takarda, da wuya ta bar ki ki fita ba ta ce a ɗauki sabo ba. Ki buga hatiminki a bayan kowane hoto, da sunan sana'a da lambar waya, gama hoto ya kan zaga gidaje fiye da mai shi.

Kada kuma ki manta da masu sana'a a cikin gida. Mai ɗinki da mai turaren wuta da mai dubulan duk ta waya su ke talla yanzu, su kuwa cikin azumi cinikinsu ke tashi, sa'ad da naki ke kwance. Ki ɗauki kayansu da hasken safe, a bakin ƙofa.

Sabuwar shekara kuwa tun watan Nuwamba a ke shirinta. Ki tafi makarantun boko da na Islamiyya da samfurin kalanda mai hoton ɗalibai, ki tambayi ranar da za su yi saukar Alƙur'ani, a rubuta sunanki tun da wuri. Wanda ya ce yana so, ki karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi, sa'an nan ki kai aikin wurin bugawa. Kalandar da ta kai Fabrairu a hannunki ba mai saye, sai dai a naɗe ƙosai.