Amanar Baki Ba Ta Sa Hannu a Banki

Da zarar ruwa ya sauka a ƙasar Funtua da Malumfashi, hankalin kowa kan koma gona. Har mai ɗan kamfanin shara da goge-goge, wanda ke tsabtace ofisoshi da makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci, sai a neme shi a rasa, yana can Bakori ko Ɗandume wajen masara da taki. Kafin ya tafi, ko kafin ya tashi aikin Hajji, yakan miƙa wa ƙanensa makullin sito, ya ce: "Ga amana nan, sai na dawo." A ganinsa ya naɗa wakili ke nan.

Ƙarshen wata ne ke tona asiri. Banki bai san ƙane ba, sa hannun da ke cikin kundinsa ya sani. Makarantar da ke son sabunta kwangila ba za ta karɓi sa hannun wanda ba ya cikin yarjejeniya ba. Masu shan wahalar kuwa su ne masu sharar, waɗanda a cikinsu akwai matan da albashin nan ne tukunyar gidansu. Mai kamfani zai dawo ya ba da haƙuri, amma haƙuri ba ya biyan bashin mai awo.

Maganin ba baƙon abu ba ne. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'ar Musulunci na Katsina ke aiki da shi, ya daɗe da sanin wakilci. Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam duk suna da babinsa. Malamai sun bambanta wakilcin da aka sakar wa mutum komai da wanda aka keɓance ga abu sananne. Ga ƙaramin kamfani, na biyun ne ya dace. A rubuta ƙarara cewa wakili zai biya albashi, ya sayi sabulu da tsintsiya da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya karɓi kuɗin aiki, daga rana kaza zuwa rana kaza. A kuma rubuta abin da aka hana shi: cin bashi da sunan kamfani, sayar da injin goge ƙasa, korar ma'aikata. Wasu na ganin gindaya wa ɗan'uwa sharaɗi rashin yarda ne. Alhali takardar ita ce garkuwarsa ranar da za a zauna lissafi, musamman idan matan gida sun sa baki.

A ɓangaren dokar ƙasa, Dokar Shaida ta 2011 ta umarci kotu ta ɗauki takardar wakilci a matsayin ingantacciya idan an sa mata hannu kuma an tabbatar da ita a gaban alƙali, majistare ko lauyan da aka ba ikon tabbatar da takardu. Duk da haka banki na da nasa tsarin ƙara mai sa hannu a asusu, sai mai asusun ya je da ƙafarsa ya cika kafin tafiya.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Wakilci ba wasiyya ba ne. A bisa asali yana ƙarewa da rasuwar wanda ya bayar. Kuma wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai a CAC, shi da sana'arsa abu ɗaya ne a idon doka. Ranar da ta Allah ta kasance, takardar ƙane ta daina aiki, injuna da kuɗin asusu sun zama gado, albashin masu shara kuma ya koma bashin mamaci, wanda ake fitarwa kafin rabo.